Kunnen Chiku na Hagu

A duk unguwarmu ta Mbagala babu yarinyar da ta iya kuka kamar Chiku, 'yar gidan Kondo mai tuƙa bajaji, wato keken haya mai ƙafa uku. Ba irin kukan yaran da aka hana alewa ba, mai ihu da birgima a ƙasa. Nata a hankali yake farawa. Leɓen ƙasa ya ɗan yi rawa, ido ya ciko, sai ɗigo guda ya gangaro ta gefen hanci ya tsaya a haɓa. Matan layinmu sun sha ƙona wake a kan gawayi saboda ɗigon nan, domin duk yammacin Laraba ana nuna Chiku a talabijin, cikin wani shiri mai dogon zango inda take fitowa a marainiya. Shekarunta tara, kuma uwarta Maua na nan da ranta, tana aikatau a wani gida a Oman.

Ba da kuka Chiku ta fara ba, da dariya ta fara, a ajin Malam Mbwana. Malam Mbwana tsohon ɗan wasan dandamali ne wanda sanƙo ya ci masa rabin kai, furfura ta kama sauran. Kowace Asabar da safe yakan tara yaran unguwa a ɗakin taro, ya jera su ba takalmi, ya koya musu yadda ake tsayuwa, yadda ake jawo numfashi daga ciki, da yadda za ka yi magana a hankali amma na kujerar ƙarshe ya ji ka. Wannan satin su zama tsofaffi masu ciwon baya, wancan su zama masu tallar kifi. Chiku ce gwanar kwaikwayon kwandastan daladala, motar hayar cikin gari. Sai ta maƙale a jikin taga da hannu ɗaya tana kiran, "Kariakoo, Kariakoo, saura mutum ɗaya," har sai Malam ya nemi wuri ya zauna don dariya.

Abu ɗaya ne Malam ba ya wasa da shi. A bakin ƙofa akwai roba cike da ruwa. In an tashi, kowane yaro sai ya wanke fuska, ya karkaɗe hannu da ƙafa, ya faɗi sunansa da ƙarfi kafin ya fita.

"Tsohuwar nan da kika zama, bar mini ita a nan," yakan ce. "Ba na ba da aron mutanena a tafi da su gida. Wace ce ke?"

"Chiku Kondo."

"To sauka lafiya, Chiku Kondo."

Batun kuka kuwa, cewa ya yi sai yaro ya shekara biyu a hannunsa kafin su taɓa shi. Gwaggo Tunu ba ta da haƙurin shekara biyu. Yayar Kondo ce, ita ke riƙe da gidan tun tafiyar Maua, mace mai zafin nama wadda ke soya mandazi, wato fanke, da hannu ɗaya tana ciniki da ɗayan, bakinta kuma yana wani aikin daban. Ranar da ta ji ana neman yarinya mai manyan idanu a wani shiri, ba ta nemi shawarar kowa ba. Ta yi wa Chiku kitso, ta shafe ta da man kwakwa har tana sheƙi, suka kama motar Kinondoni.

An ɗauki Chiku don idanun, amma ranar aiki idanun suka ƙi ba da haɗin kai. An ba ta yagaggiyar riga ta rungume, an ce ta yi kuka. Ita kuwa da ta ɗaga kai ta ga abin ɗaukar magana yana reto bisa kanta a bakin sanda, da gashi buzu-buzu kamar ƙaton ɓera, sai dariya. Aka sake, dariya. Sau bakwai. Darakta Shomari ya juya hularsa gaba, ya sake juya ta baya.

"Gwaggo, mun nemi mai kuka, kin kawo mana mai tallar man goge baki," ya ce. "Akwai yara goma sha biyu a waje suna jira, kowace da uwarta."

"Ba ni minti ɗaya, ɗana."

Kyamara tana ta dama, don a kuncin dama Chiku ke da ɗan loɓawar nan da darakta ke so. Saboda haka Gwaggo ta zagaya ta hagu, ta tsuguna, ta kare baki da hannu.

"Mamanki ta bugo jiya kina barci," ta raɗa mata. "Ta ce ba za ta dawo ba. Ta samu wata yarinya a can, ta fi ki jin magana."

Ta miƙe ta koma gefe. Darakta ya ce a fara. Leɓen Chiku ya yi rawa, ido ya ciko, ɗigon nan ya gangaro. Har mai kwalliya sai da ta sa gefen zanenta a ido. Da aka ce a yanke, sai tafi ya ɓarke, Darakta ya ɗaga Chiku sama ya ce tun da yake aiki bai taɓa ganin baiwa irin wannan ba.

A hanyar gida Gwaggo ta saya mata soyayyen dankali da ƙwai, har da lemon kwalba.

"Wasa nake miki, sakarya. Wace uwa ce za ta yar da 'yar fim?"

"Da gaske, Gwaggo?"

"Ci abincinki kafin ya huce."

Chiku ta ci, amma amsar ba ta ƙosar da ita ba. Ga inda matsalar take: uwar ɗakin Maua ba ta ba ta waya sai ranar Juma'a bayan masallaci, aikin fim kuwa ranar Litinin ake yi. Duk abin da aka zuba wa Chiku a kunne ranar Litinin, da shi za ta kwana huɗu kafin ta ji muryar uwarta ta san gaskiya. In Juma'ar ta zo kuma, Gwaggo na zaune a gefenta tana tsince shinkafa, tana cewa, "Gaishe ta da kyau, kada ki tayar mata da hankali tana ƙasar mutane." Chiku bahaguwa ce, sai ta manna wayar a kunnen hagu, ta ce lafiya lau, makaranta lafiya, fim lafiya.

Ƙarya kuma ba ta aiki sau biyu a kan yarinya mai wayo. Litinin ta gaba da Gwaggo ta maimaita zancen wata yarinya, sai Chiku ta ɗan yi murmushi. Dole Gwaggo ta ƙara gishiri. Ta ce tafasasshen mai ya zube wa Maua a hannu. Wani satin an kulle ta a ɗaki ba abinci. Wani satin tana asibiti, an ce a yi mata addu'a. Gwaggo ta ƙware har takan fara shiri tun daga gida: ta yi shiru a mota, ta riƙa ajiyar zuciya, ta duba waya ta girgiza kai. In da adalci, ita ya kamata a ba wa kyamarar.

Chiku ta san yawanci ƙarya ce. Abin da ba ta sani ba shi ne wace Litinin ce za ta zo da gaskiya, domin mutane suna ƙonewa da mai, kuma suna kwanciya asibiti. Don haka kowane mako sai ta yi kukan, ko da wannan karon gaskiya ne.

Kondo kuwa duniya ta yi masa daɗi. Ya manna hoton Chiku a bayan bajajinsa, fasinja na rububin hawa. Abokan aikinsa a tasha suka laƙaba masa Baban Marainiya, yana amsawa da fara'a, bai taɓa tsayawa ya saurari sunan da kyau ba. Sau ɗaya Chiku ta same shi yana wanke taya ta ce, "Baba, Gwaggo tana ce mini Mama ba ta da lafiya."

"Ai kin san wasa ne."

"Wani lokaci ba na sani."

"Sana'a ce, 'yata, kowace da wahalarta. Ni kullum hayaƙi nake shaƙa, kin taɓa jin na yi ƙorafi? Yaya Tunu ta san harkar nan fiye da ni. Miƙo mini tsumman can."

Zuwa ajin Asabar ma ya tsaya. Gwaggo ta ce wadda ake gani a talabijin ba za ta koma tana tsalle ba takalmi da 'ya'yan masu gyaɗa ba. Da Malam Mbwana ya aiko yana tambaya, ta ce a gaya masa sun gode, yarinya ta wuce ajinsa.

Ciwon ya samo asali ne daga ruwan sama na ƙarya. Labari ya kai inda aka kori marainiya cikin ruwa, ga shi sama ko gajimare babu. Aka kira tankar ruwa, wani ya hau katanga da tiyo. Inda aka ɗebo ruwan, Allah kaɗai ya sani, amma kalarsa ta shayi ce kuma yana da wari. Aka ce Chiku ta faɗi ta kwanta a gefenta na dama, fuska na kallon kyamara, tiyo na zuba a kan kunnen hagu. Sau tara aka ɗauka, don mai tiyo ya kasa bambance ruwan sama da wankin mota.

Kwana uku bayan haka, ana karin kumallo, Chiku ta ajiye mandazi ta dafe kunne.

"Gwaggo, kunnena yana ciwo."

"Sha shayinki."

"Kamar ana soka mini tsinke."

Leɓe ya yi rawa, ido ya ciko, ɗigo ya gangaro. Kondo ya saki baki yana kallo, sannan ya laluba aljihu ya ciro waya.

"Tsaya, tsaya, kada ki goge. Yaya, kin ga wannan? Ko ba kyamara fa."

"Jarrabawar lissafi gare su yau," in ji Gwaggo, ko juyowa ba ta yi ba. "Ni za a yi wa fim? Ni na koya mata. A yanke, malama, ɗauki jakarki."

Kondo ya yi dariya har ya ƙware da shayi. Hoton da ya ɗauka ya zaga tasha kafin azahar, kowa na cewa yarinyar nan sai dai a yi mata addu'ar tsari daga baki.

A makaranta ta kifa kai a tebur tana hawaye, malamar aji ta ce, "Chiku, nan ba talabijin ba ne." 'Yan ajin suka yi tafi. A hanyar gida matan layi suka tare ta a bakin famfo, suka ga ido ya yi ja, suka ce, "Yawwa, yi mana irin na ranar Laraba." Wata ta ba ta alewa. Ban cire kaina ba, ina cikin masu murmushi a wurin, kuma har yau in na tuna sai na ji kunya.

Ciwo ya ƙi tafiya. Ta daina tauna ta hagu, ta daina kwanciya ta hagu, jikinta ya riƙa zafi yana sauka. Da naci ya yi yawa, Gwaggo ta ɗumama man kwakwa a cokali ta ɗiga mata, ta toshe da auduga, ta ce, "Shi ke nan, an yi miki allura, hankali ya kwanta?" Da Kondo ya ɗan yi zancen asibiti, ta ce masa in ya fara biye wa hawayen 'yar fim, to ya sayar da bajaji ya tare a layin ganin likita. Ranar Litinin kuwa auduga ke fita, a gyara kitso ya rufe wurin, Gwaggo ta tsuguna ta hagu kamar kullum. A makonnin nan aikin Chiku ya fi na da kyau, Darakta har cewa yake ta ƙara girma a sana'a.

Juma'a ta zo, Chiku ta so ta faɗa wa uwarta. Ta buɗe baki ke nan sai tiren shinkafa ya daina motsi a cinyar Gwaggo. Ta ce lafiya lau.

Ran nan da safe ta farka ta ga matashin kanta ya jiƙe da wani ruwa rawaya mai ɗan jini. Ciwon kuma ya ɗauke ɗif. Ta yi murna ƙwarai, ta fito tsakar gida tana tsalle.

"Gwaggo, ya daina."

"Kin gani? Da ma na ce iyayi ne. Baban Chiku, zo ka ga mara lafiyarka tana rawa." Ta ɗaga rigar matashin da yatsa biyu. "Man kwakwar ne ya fito da datti. Je ki jiƙa wannan."

Abin da ya maye gurbin ciwon wani shuu ne, kamar ƙarar teku daga nesa. Chiku ba ta faɗa wa kowa ba. Ta riga ta gane cewa a gidansu magana ba ta da amfani, kuka kuma ya zama abin nishaɗi. Sai dai ta koyi juya kai in ana mata magana, Gwaggo kuma ta ce sabon yanga ne na 'yan fim. Ranar Juma'a da ta ji muryar uwarta can ƙasa-ƙasa, sai ta ɗauka layin Oman ne ba kyau.

Aka zo kashin ƙarshe na shirin. A labarin, tsohuwar da ta riƙe marainiya ta rasu, wani dattijo maƙwabci zai zo ya sanar da ita. Darakta ya ce yana son kukan da za a shekara ana zancensa. Dattijon da aka ɗauko kuwa ba kowa ba ne sai Malam Mbwana, an manna masa gemun auduga duk da yana da nasa. Chiku na ganinsa ta ruga ta gaishe shi.

"Chiku Kondo," ya ce. "Ko kin canza suna?"

"Ban canza ba, Malam."

"Robata na nan tana jiranki."

Gwaggo ta ja hannunta, ta ce kada a ɓata mata yanayi. Tun a mota ta yi ajiyar zuciya ta fi sau goma. Akwai ƙarya guda da ta daɗe tana ajiya don rana irin wannan, kamar yadda ake ajiye atamfa don biki.

Aka tsayar da Chiku a bakin ƙofar wani ɗaki, aka gyara fitila, aka maƙala mata ƙaramin abin magana a wuyan riga. Gwaggo ta zagaya ta hagu, ta tsuguna, ta kare baki. Chiku ta ji ɗumin numfashi a kuncinta, ta ji ƙamshin kanumfarin da Gwaggo ke taunawa, amma ban da shuu ɗin nan ba ta ji komai ba. Ta ɗauka Gwaggo ba ta fara ba tukuna. Ta tsaya tana jira.

"A fara," in ji Darakta.

Malam Mbwana ya tako a hankali, ya faɗi maganarsa. Chiku ta dube shi da manyan idanunta a bushe, har da ɗan murmushi, don gemun ya karkace.

"A yanke. Gwaggo, yaya dai?"

"Ba ni minti ɗaya."

Ta sake tsugunawa, ta ɗan ɗaga murya. Chiku ta gyaɗa kai don kada a ce ba ta da ladabi. Aka fara, aka yanke. Darakta ya cire hular gaba ɗaya ya ce rana na tafiya, kuma masu gidan da aka ara sun ce ƙarfe huɗu za su dawo. Gumi ya keto wa Gwaggo. A ganinta taurin kai ne, yarinya ta samu Malaminta a wurin tana so ta kunyata ta. Ta damƙi kafaɗar Chiku, ta manta da kare baki, ta manta da mutane.

"Ke kurma ce? Na ce uwarki ta mutu! Jiya aka binne ta a Oman!"

Mai ɗaukar sauti ya fizge abin kunnensa ya yar. Kowa ya tsaya yadda yake. Wannan karon maganar ta zagaya ta shiga ta dama, Chiku ta ji ta sarai. Ta juyo gaba ɗaya ta dubi Gwaggo, leɓenta ya fara rawa.

"Gwaggo," ta ce a hankali, "na gaske ne ko na fim?"

Ɗigon ya gangaro, wani ya biyo shi. Darakta ya taɓa kafaɗar mai kyamara, ya yi masa alama da yatsa ya ci gaba da ɗauka. Sai Malam Mbwana ya tako ya tsaya a gaban kyamarar, ya ba ta baya, ya ɓalle gemun auduga ya sa a aljihu.

"Gwaggon Chiku, yarinya ta yi miki tambaya."

"Malam, harkar aiki ce, kai ma ka sani..."

"Uwarta ta mutu ko ba ta mutu ba?"

"Lafiyarta ƙalau. Haba, wa zai yi wa Maua fatan mutuwa?"

Malam ya karɓi gorar ruwa a hannun mai kwalliya, ya durƙusa, ya zuba a tafinsa ya wanke wa Chiku fuska. Ya ce ta karkaɗe hannu, ta karkaɗe. Yana gefenta na hagu ya ce, "Wace ce ke?" Ba ta amsa ba, idonta na kan Gwaggo. Ya sake tambaya, shiru. Ya dube ta na ɗan lokaci, sannan ya kai hannu bayan kunnenta na hagu ya ƙyasta yatsu. Ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ya ɗaga kitson da aka rufe kunnen da shi, ya sunkuya, warin ya sa ya kau da kai.

"Tun yaushe kunnen nan yake haka?"

"Ai ya warke," in ji Gwaggo. "Ita da bakinta ta ce ya daina."

Washegari Malam ya zo da kansa ya tsaya a kan Kondo har sai da ya ɗauke su a bajaji zuwa asibiti. Likitar wata 'yar siririya ce mai tabarau. Ta leƙa kunnen da fitila, ta daɗe tana leƙawa, sannan ta ce fatar cikin kunnen ta fashe, ƙwayar cuta ta yi nisa. Za a ba da magani ruwan ya tsaya. Ji kuwa, wataƙila kaɗan ya dawo, wataƙila ba zai dawo ba. Da an zo a makon farko, in ji ta, maganin kwana bakwai ne.

"Wannan ciwon babba ma ba ya iya daure shi," ta ce wa Kondo. "Yarinyar ba ta yi kuka ba?"

"Ta yi."

"To?"

Kondo ya dubi silin, ya dubi takalminsa. "Likita, ai... sana'arta ke nan."

Likita ta cire tabarau ta dube shi, ta mayar ta ci gaba da rubutu.

Daga nan aka shiga rabon laifi, kuma kowa ya ƙi karɓar kasonsa. Gwaggo ta ce duk don yarinyar take yi, in ba don ita ba wa ya san Chiku a garin nan, kuma ita ba likita ba ce da za ta san cikin kunne. Kondo ya ce shi kullum yana kan titi, harkar gida ta mata ce. Darakta Shomari ya aiko da kwandon lemo da saƙon cewa shi bai taɓa sanin abin da ake raɗa wa yarinyar ba, ya ɗauka addu'a ce. Ya manta cewa abin maganar nan yana maƙale a wuyan rigarta kowace Litinin, kuma duk raɗar Gwaggo tana shiga kunnen mai sauti tas, wani lokaci har ya miƙa wa Darakta ya saurara su yi dariya. Mu kuma matan layi muka taru a bakin famfo muka yi tir da Tunu, mu da muka ba da alewa.

Malam Mbwana ya ce wa Kondo ajin Asabar na nan, kuma kunne ɗaya ya isa a koyi sana'a in za a bari a koye ta yadda ake koyo. Chiku ta ce za ta je, amma kwandasta take so ta riƙa yi. Ya ce kujerar kwandasta tata ce.

Sai dai akwai abin da ruwan gora bai wanke ba. Gwaggo ta ce Maua na lafiya, amma Gwaggo ta sha faɗin abubuwa. Chiku ta sha maganinta, ta ƙirga Laraba da Alhamis.

Ranar Juma'a bayan masallaci waya ta yi ƙara. Gwaggo ta ɗauko tirenta za ta zauna inda ta saba, Kondo ya ce, "Yaya, yau ki tsince a kicin." Ta dubi fuskarsa, ta wuce. Ya miƙa wa Chiku wayar. Ta karɓa da hagu kamar kullum, ta manna a kunnen da ta saba.

Shiru. Shuu kawai.

"Mama?" ta ce. "Mama?" Ta ɗago ta dubi ubanta, fuskarta ta canza gaba ɗaya. "Baba, ba ta magana."

Kondo yana jin muryar Maua tana fitowa daga wayar, ƙarama, tana ta kiran suna. Ya durƙusa, ya kama hannun 'yarsa da wayar, ya zagaya da shi zuwa dama.

"Chiku? Chiku, kina jina? 'Yar fim ɗina. An turo mini na ruwan saman nan, na kalla sau uku, na yi kuka har uwar ɗakina ta tambaye ni wa ya mutu. Wa ya koya miki haka?"

Chiku ta riƙe wayar da hannu biyu. Leɓenta ya fara rawa, ta cije shi. Ta dubi ubanta don ta ga ko zai laluba aljihu, sai ta tuna wayar na hannunta.

"Mama," ta ce, "in na yi kuka yanzu, za ki yarda?"